Tambaya da Amsa: Yawan fawul alama ce ta ƙarfin tsaro a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni dai ina bin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, to musu ne ya haɗa ni da abokina, shi yace ƙungiyar da ake ci mata maki kaɗan a wasa ita ta fi iya tsaro, ni kuma nace a'a, wadda take matse mutane ba ta bari su yi numfashi har tana yawan fawul ita ce mai tsaron gaske. Don Allah wa ke da gaskiya a cikinmu?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kowannenku ya kama wani gefe ya saki wani, amma bari in fara da abokin naka. Makin da aka ci wa ƙungiya a wasa yana ruɗi, saboda akwai masu jan wasa a hankali su cinye daƙiƙa 30 ɗin da aka ba su kafin su jefa, kaga dole maki ya yi kaɗan ko da tsaron nasu ba wani abin kirki bane. Shi yasa masu lissafi irin su Ken Pomeroy mai shafin KenPom suke duba maki nawa aka ci maka a duk hari 100 da aka kawo maka. Ɗauka wata an ci mata 65 a hari 60, wata kuma 72 a hari 78, ta farkon ta tashi da wajen 108, ta biyun 92, to wacece ta fi tsaro? Ai wadda aka ci wa 72 ɗin ce.

Yanzu kai kuma. Fawul tsada ne da shi, kuma wannan shi ne abin da nake so ka riƙe. A wasan maza rabi biyu ake yi na minti 20-20, da zarar ƙungiya ta kai fawul na 7 a rabi ɗaya sai a fara ba abokin hamayya jifan kyauta, in ya ci na farko a ƙara masa na biyu, daga na 10 kuwa biyu ne kai tsaye. 'Yan wasa suna cin kusan 7 cikin 10 na wannan jifan, wato jifa biyu ya kai maki 1.4 kenan, alhali harin da aka bari ya tafi yadda ya saba maki 1 ne ko sama da haka kaɗan. Kaga ka ba shi abin da da wuya ya samu da guminsa, ga shi kuma fawul 5 ke fitar da ɗan wasa a jami'a, ba 6 ba kamar NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka.

Amma ban ce duk mai fawul ya yi asara ba fa. 'Yan wasan jami'ar West Virginia a zamanin koci Bob Huggins sun riƙa bin mutane tun daga ƙarshen fili, fawul kam sun sha yi, sai dai suna ƙwace ƙwallo sosai, kuma harin da aka ƙwace maki sifili ne, a nan suke fanshewa. Na jami'ar Virginia a zamanin koci Tony Bennett kuwa akasin haka, su cunkushe gaban kwando su hana ka shiga, ba sa kai hannu barkatai, da haka suka ɗau kofin jami'o'in ƙasar a 2019. Dean Oliver, wani masanin lissafin ƙwallon kwando da ya raba abubuwan da ke kawo nasara a wasa zuwa huɗu, ya ba ingancin jifa kashi 40 cikin 100, ɓarar da ƙwallo 25, cafe wadda ta dawo daga kwando 20, jifan kyauta 15 kawai. To in fawul ɗinka yana sayo maka ƙwace, ka ci riba, in kuwa na latti ne, an riga an wuce ka ka miƙa hannu, wannan ba jarumta bace.

Abin da ni yake damuna ma shi ne yadda kociyoyi da yawa ke zaunar da ɗan wasansu mafi tsaro da ya yi fawul 2 a rabin farko, ya yi ta kallo ana ci musu maki don tsoron kar ya fita, ƙarshe a tashi wasa yana da fawul 3 kacal.