Amsa ga mai tambaya kan tsadar allurar hemofiliya

Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya ba yaron lafiya. Kin ce tun da aka yi masa kaciya jini ya ƙi tsayawa, likita ya ce hemofiliya ce, wato ciwon da ke hana jini daskarewa, kuma kina mamakin yadda babban asibiti guda ba shi da allurar sai dai a tura ku ku nemo da kuɗi masu yawa.

Gaskiya ba wai mugunta ba ce, ciwon ne ba kasafai ake samunsa ba, kusan namiji ɗaya cikin 5,000 ake haifa da nau'in ciwon da ake kira A, to kamfanonin da ke yin allurar factor VIII, wato sinadarin daskarar da jini da masu nau'in A ba su da isasshensa, 'yan kaɗan ne kuma duk a waje suke, da dala ake sayowa, ga ta sai an ajiye a firji, ke kin san halin wutar NEPA, ga kuma ranar lalacewa, asibiti in ya sayo ya ajiye babu majinyaci asara ce zalla. Shi ya sa suke jan ƙafa. Ko a Amurka ma kuka ake, a 2022 aka amince da wani magani Hemgenix na wani nau'in ciwon da ake kira B, kuɗinsa dala miliyan 3.5.

Shawarata ku je sashen cututtukan jini na asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, a yi masa rajista, ku kuma tuntuɓi gidauniyar masu hemofiliya ta Najeriya, wato Haemophilia Foundation of Nigeria, don ana samun allurar tallafi daga ƙungiyar hemofiliya ta duniya. Kar a ba shi asfirin ko ibuprofen, kuma don Allah a gaya wa wanzami ya yi nesa da shi, ba ƙaho ba cire beli.