Kala Nawa Ne Suka Ishi Mutum? Hukuncin Taƙaita Tufafi

Tambaya

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da ilimi mai amfani. Na ci karo da wani tsari da ya yaɗu a intanet na taƙaita kayan sawa, inda mutum yake zaɓar guda 33 ya yi wata uku da su kaɗai. Abin ya sa na buɗe akwatunana, sai na tarar da rigunan da na fi shekara biyu ban taɓa ba. Na ware kala bakwai, sauran na ɗaure su zan bayar. Wani abokina ya ce koyi nake yi da waɗanda ba Musulmi ba, wani kuma ya ce ai wannan shi ne gudun duniya na gaskiya, har ma bakwai ɗin sun yi yawa. Na so maiɗakina ta bi ni, ta ƙi. Shin shari'a ta yanke adadin tufafin da ya kamata mutum ya mallaka? Kuma ina da ikon tilasta mata?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, babu aya ko hadisi ingantacce da ya ƙayyade wa Musulmi adadin tufafi, ba bakwai ba, ba 33 ba. Abin da ka yi a kan kayanka halal ne, kuma idan niyya ta yi kyau akwai lada a ciki. Abin da kake son yi a kan kayan matarka kuwa ba ka da iko a kansa. Ga dalilai.

Allah ya faɗi aikin tufa da kansa. A Suratul A'araf aya ta 26 ya ce ya saukar mana da tufa mai suturta tsiraicinmu, da kuma ado, sannan ya ce tufar taƙawa ita ce mafi alheri. A Suratun Nahli aya ta 81 ya ambaci rigunan da ke kare mu daga zafi. Sutura ke nan, da kariya, da ado, kuma da su ake auna buƙata. Rufe al'aura wajibi ne, kare jiki daga zafi ko sanyin da zai cutar da shi wajibi ne. Tunda ana buƙatar tufa mai tsarki a yi salla, dole mutum ya samu abin sawa yayin da ɗayar take kan igiya. Adon kuma ba a bar shi a baya ba, domin a aya ta 31 ta Suratul A'araf an ce mu riƙi adonmu a kowane masallaci, aya ta 32 kuma ta tambaya, wa ya haramta adon da Allah ya fitar wa bayinsa? Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Annabi (SAW) ya ce mene ne laifi ga ɗayanku ya tanadi tufa biyu domin Juma'arsa, banda biyun da yake aiki da su. Tufa biyu a wancan lokaci, wato zanen ɗaurawa da mayafi, su ne kala ɗaya. Ka ga an samu na aiki, an samu na fita.

Malaman fiƙihu sun taɓa wannan tambaya taka a wani wuri da ba kowa ke tunani ba, wato babin wanda bashi ya cinye dukiyarsa. Idan alƙali zai sayar da kayansa a biya masu binsa, me za a bar masa? A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Shehu Khalil ya rubuta a Mukhtasar, ana bar masa da shi da kowane mutum da ciyarwarsa ke wuyansa kala guda irin wanda aka saba sawa, kuma ana sayar da kayan Juma'arsa idan masu tsada ne. Wannan shi ne ƙasan ma'auni, na ranar ƙunci. A babin ciyar da mace kuma suka ce ana yi mata tufafi na lokacin sanyi da na lokacin zafi, gwargwadon halin miji da nata. Ba su sa lamba ba, sun mayar da abin ga al'ada da yanayi, domin buƙatar makaniki da ke cikin baƙin mai kullum ba ɗaya ba ce da ta malamin makaranta, haka mai zama a ƙasar ƙanƙara da mai zama a sahara.

Yanzu ga abokinka da ya ce bakwai sun yi yawa. Na san abin da yake dogara da shi, kuma labarai ne na gaskiya masu girgiza zuciya. Mus'abu ɗan Umairu, wanda ya tashi cikin gata da ado a Makka, ya yi shahada a Uhudu shekara ta 3 bayan hijira, ba a samu abin yi masa likkafani ba sai wani mayafi guda. Khabbab ya ce idan suka rufe kansa ƙafafu su fito, idan suka rufe ƙafafu kai ya fito, har Annabi (SAW) ya ce a rufe kan, a sa ciyawar izkhir a ƙafafun. Abu Huraira ya ce ya ga mutum 70 daga mutanen Suffa, wato talakawan sahabbai masu zama a rumfar masallacin Annabi (SAW), babu mai mayafi a cikinsu, ko dai zanen ɗaurawa ko bargo da suka ƙulla a wuya, wani yana tattare shi da hannu don gudun kada al'aurarsa ta bayyana. Nana A'isha ta fito da wani bargo mai kauri da zane mai kaushi ta ce a cikin waɗannan biyu aka karɓi ran Manzon Allah. Anas ya ga Umar yana Sarkin Muminai da maho uku a tsakanin kafaɗunsa. Duk wanda ya karanta wannan sannan ya kalli akwatunansa bai ji kunya ba, to ya binciki zuciyarsa.

Sai dai yawancin wannan rashi ne ya kawo shi, kuma sahabban da kansu ba su ɗauke shi doka ba. Da aka tambayi Annabi (SAW) game da salla da tufa ɗaya, amsarsa ita ce, shin kowannenku ne yake da biyu? Daga baya aka yi wa Umar irin wannan tambaya, ya ce idan Allah ya yalwata, ku yalwata. Mai maho uku ne fa ya faɗi haka. Shi ma Annabi (SAW) an gan shi da jan kaya wanda Bara'u ɗan Azib ya ce bai taɓa ganin abin da ya fi shi kyau ba, an gan shi da jabbar Rum mai matsattsun hannuwa, ya shiga Makka ranar buɗe ta da baƙin rawani. Yana sa abin da ya samu, ba ya neman abin da babu, ba ya ƙin abin da yake akwai.

Akwai ma inda ya gyara wa masu hali da suka zauna cikin tsumma. Mahaifin Abul Ahwas ya zo masa da wata tufa maras kyau, ya tambaye shi, kana da dukiya? Ya ce Allah ya ba ni raƙuma da tumaki da dawakai da bayi. Sai ya ce idan Allah ya ba ka dukiya, a ga alamar ni'imarsa a jikinka. A wata tafiyar yaƙi ya hangi wani mutum da ke kiwon raƙuman Jabir sanye da mayafai biyu da suka tsufa, ya tambayi Jabir ko ba shi da wasu. Jabir ya ce yana da biyu a jaka, ni na ba shi. Annabi (SAW) ya ce kira shi ka ce ya sa su. Ka lura da wannan da kyau, tufar da ke jaka a ninke, Annabi (SAW) ya so ta hau jiki. Haka da wani ya ce mutum yana son tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau, ko wannan girman kai ne, sai ya amsa da cewa Allah kyakkyawa ne yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Muslim ya ruwaito shi daga Ibn Mas'ud.

A ɗaya ɓangaren Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya bar tufar ƙawa don ƙanƙan da kai ga Allah alhali yana da ikon sawa, Allah zai kira shi ranar ƙiyama a gaban halittu ya ba shi zaɓi cikin tufafin imani. Waɗannan hadisai ba sa karo da juna. Wanda ya rage don ya huta da hidimar kaya, ya samu rarar da zai bayar, ya yi kyau. Wanda ya rage don rowa, ko ƙazanta, ko don a ce wane ya gudu daga duniya, bai samu komai ba. Abin da ya haɗa su shi ne faɗarsa (SAW), ku ci, ku sha, ku sa tufa, ku yi sadaka, ba tare da ɓarna ko taƙama ba.

A ganina mafi kyawun ma'auni a wannan babi shi ne labarin mayafin Abu Jahm. Annabi (SAW) ya yi salla da wani mayafi mai zane-zane, ya ɗan kalli adon, da ya idar sai ya ce a mayar wa Abu Jahm da shi a karɓo masa nasa maras ado, domin ya ɗauke masa hankali a salla. Mayafin halal ne, amma da ya taɓa masa zuciya sai ya rabu da shi nan take. Kuma ya tabbata a Bukhari cewa ya ce bawan dinari da bawan dirhami da bawan bargo da bawan mayafi sun taɓe. Ana iya samun mai kala talatin wanda kaya ba su dame shi ba, a samu mai kala biyar wanda kullum tunaninsa yana kan biyar ɗin, ƙirga su yake, yana auna mutane da su.

Rigunan nan da ka ce sun fi shekara biyu a kwance su ne inda nake ƙarfafa ka. Kowa ya san irinsu. Ka ɗaga riga daga ƙasan akwati, layin ninki ya koɗe ya bar fari a tsakiyar ƙirji, tana warin kafur, asu ya huda gefen aljihu, wata ma takardar shago tana rataye a wuyanta, wata kuma jiki ya wuce ta tuntuni. Ba ta suturta ka ba, ba ta suturta kowa ba, kuma za a tambaye ka kuɗinta, ina ka samo, ina ka kashe. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa shimfiɗa ɗaya ta miji, ɗaya ta matarsa, ta uku ta baƙo, ta huɗu ta Shaiɗan. Imamu Nawawi ya ce malamai sun fassara shi da cewa abin da ya wuce buƙata ana tara shi ne don alfahari da shagala, shi ya sa aka jingina shi ga Shaiɗan. Mai baƙi goma ba a hana shi shimfiɗa goma ba. Hukuncin tufa ke nan. Tara su bai kai haramun ba muddin da halal aka saya, ba da bashi ko tauye haƙƙin iyali ba, kuma babu zakka a kayan sawa komai yawansu. Amma mu tuna ranar da Annabi (SAW) ya yi ta cewa mai rarar abin hawa ya ba maras shi, mai rarar guzuri ya ba maras shi, har Abu Sa'id ya ce muka ɗauka babu mai haƙƙi a cikin rara daga cikinmu.

Idan za ka bayar, ka wanke ka goge, ka ɗinke abin da ya yage. Kada ka tattara waɗanda kai kanka ba za ka karɓa ba sai da runtse ido, Suratul Baƙara aya ta 267 ta hana wannan. Ka fara da 'yan'uwa mabuƙata, kuma kada ka zubar da abin da zai amfani wani. Ka kuma kiyayi abin da nake gani ga wasu masu bin wannan tsari, su fitar da kaya masu kyau sannan su koma kasuwa su sayo sababbi masu tsada da sunan kaɗan mai inganci. Wannan almubazzaranci ne da aka sake wa suna.

Maganar koyi da waɗanda ba Musulmi ba kuwa ba ta tsayu ba. Koyin da aka hana shi ne a abin da ya keɓanta da addininsu ko alamominsu. Wadar zuci da barin ɓarna namu ne tun asali, jin labarinsa daga bakin wani bai mayar da shi nasa ba. Abin da zan hana ka kawai shi ne ka ɗauki wata lamba, tasu ko taka, ka mayar da ita ibada. Ka kuma guji tallata abin. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya sa tufar shuhura Allah zai sa masa tufar ƙasƙanci ranar ƙiyama, kuma malamai sun ce shuhura tana shiga ta wajen tsada, tana shiga ta wajen nuna talauci.

Sai batun maiɗakinka, Allah ya albarkaci zamanku. Kayanta mallakarta ne, waɗanda ta saya da waɗanda ka ba ta, kuma dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da yardar ransa. Ba za ka fitar da ko ɗankwali ɗaya ba tare da izininta ba. Bayan haka tufatar da ita wajibi ne a kanka bisa al'ada mai kyau, da nassin Baƙara aya ta 233 da huɗubar hajjin ban kwana, kuma ba a auna wannan da abin da kai ka zaɓar wa kanka. Buƙatarta ma ta fi taka. Tana da kayan zaman gida da na fita da na salla, jikinta yana canjawa da ciki da shayarwa, kuma an halatta mata alhariri da zinariya da aka haramta maka. Gudun duniya mutum kansa yake ɗora wa, idan ya ɗora wa iyalinsa sunansa ƙuntatawa. Idan tana cin bashi don kaya, ko tana neman abin da ya fi ƙarfinka, kana da damar ƙi da yin nasiha a hankali. In ba haka ba, ka rabar da naka, ka bar ta ta ga wanda ya sa su. Yaranku ma kada ka rage musu har su ji kunyar shiga cikin sa'o'insu.

Kala bakwai ɗinka kuwa, idan sun haɗa da na aiki da na Juma'a da Idi da na sanyi, kuma kana iya wanke su a kan kari, sun isa. Idan ka ga sun gaza ka ƙara na takwas, babu alkawarin da ka karya.

Wallahu a'alam.