Amsa: Zagaya Aisilan da yara a kwana biyar

Kin tambaya ko kwana biyar za su ishe ku, ke da maigida da yara, ku zagaya Aisilan, tsibirin ƙasar nan da ke arewacin Turai, da mota. Ba za su isa ba, domin titin da ya kewaye tsibirin ya haura kilomita 1,300, kuma doka ta hana wuce kilomita 90 a awa, don haka gara ku tsaya a kudu, daga Reykjavik, babban birnin ƙasar, zuwa tafkin Jokulsarlon.

Da muka je a watan Yuli, tafiyar ƙasa ce ta cinye mana lokaci. Hawan zuwa magangarar ruwan Svartifoss bai kai kilomita 2 ba, amma iska da yayyafi suka galabaitar da autarmu har babanta ya saɓa ta a kafaɗa. Ku ware wa irin wannan hawan rabin yini, kowa da rigar ruwansa.