Na ce na yafe mata, amma zuciyata ta ƙi kwanciya

Tambaya: Baba Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni 'yar kasuwa ce a Sabon Gari, kuma ina cikin zumuntar mata ta ikilisiyarmu. Mun yi adashi mu goma sha biyu, amma da kwasata ta zo sai uwar adashin ta ce kuɗin sun shige mata, yau wata takwas ke nan ban ga ko sisin kwabo ba. Kowa haƙuri yake ba ni, na kuma ce na yafe, sai dai duk Lahadin da na hango ta tana rera waƙa raina ɓaci yake yi, har na daina cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke tarayya a kansu a coci don tunawa da mutuwar Yesu. Shin neman haƙƙina ya saɓa wa gafara? Daga wata 'yar'uwa, Sabon Gari, Kano.

Amsa: 'Yata, Allah ya sanyaya miki zuciya. Neman haƙƙinki bai saɓa wa gafara ba, kuma ina ganin abin da ya hana ki barci shi ne an sa ki yin shiru kafin a yi maganar. Mu mutanen Kano muna da saurin cewa a yi haƙuri, wanda hali ne mai kyau, amma sau da yawa rufe miki muke yi da zane ba tare da mun wanke shi ba.

Ki buɗe Filibiyawa sura 4. Mutane da yawa sun haddace aya ta 6 da ta 7, inda Manzo Bulus ya yi maganar salamar Allah wadda ta fi gaban ganewar ɗan Adam, amma kaɗan ne suke lura da abin da ya gabace su. A aya ta 2 ya kira sunan mata biyu, Afodiya da Sintiki, waɗanda suka yi aikin bishara tare da shi suka kuma sami saɓani, ya roƙe su su daidaita, sannan ya nemi wani abokin aikinsa ya shiga tsakaninsu. Yana ɗaure a kurkuku ya rubuta wannan, duk da haka bai ɗauki rigimar mata biyu ƙaramin abu ba, bai kuma ce su danne ta ba.

Hanyar da za ki bi tana cikin Matiyu 18:15-17. Ki fara samun ta ke kaɗai, a gidanta, ba a bakin coci ba, ba kuma ta saƙon WhatsApp na ƙungiya ba. Ki faɗa mata abin da kuɗin nan suka jawo wa jarinki, ki kuma saurari tata, domin mai yiwuwa rashin lafiya ko bashi ne ya ci ta, kunya kuma ta hana ta fuskantarki. Idan ta amsa, ku yanke abin da za ta iya biya kowane wata. Idan ta ƙi, ki koma da mutum ɗaya ko biyu, misali shugabar zumunta da wata dattijuwa mai riƙe sirri, sai bayan haka maganar ta kai gaban dattawan ikilisiya. Tuba ta gaskiya tana tafiya da biya, kamar yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu a Luka 19:8.

Game da zafin da kike ji, kada ki ɗauka alamar rashin bangaskiya ce. Fasto James Wuye na Kaduna, wanda ya rasa hannunsa a rikicin addini na shekarar 1992, ya fara aikin sulhu tare da Imam Muhammad Ashafa a 1995, kuma ya sha faɗa a fili cewa ƙiyayya ba ta bar zuciyarsa nan take ba. Ki riƙa ambaton sunan matar nan cikin addu'arki kowace safiya, ko da bakinki yana yi miki nauyi, ki kuma daina ba da labarin a rumfa, domin kowace maimaitawa fama miki ce.

Jibin Ubangiji kuwa, kada ki hukunta kanki da laifin wata. Ki je ki same ta cikin makon nan, ki sanar da fastonku matakin da kika ɗauka, sannan ki koma kan teburin tare da 'yan'uwanki.