Cutar Still ta manya: allura za mu saya ko maganin ƙara garkuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata uku maigidana yana fama da zazzaɓi mai zafi kullum da yamma, ga ciwon gaɓoɓi da ƙuraje masu fitowa su ɓace. Likita ya ce cutar Still ta manya ce, ya ɗora shi a kan maganin prednisolone mai rage kumburi, yanzu yana maganar allurar anakinra. Dangi sun ce tsadarta ta yi yawa, gara mu sayi maganin ƙara garkuwar jiki. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba maigida lafiya. Maganin ƙara garkuwar nan ki bar shi inda yake. Garkuwar mijinki ba rauni ta yi ba, wuce gona da iri ta yi.

Kullum ƙwayoyin jikinmu suna mutuwa salin-alin, a kwashe su ba wanda ya ji. Amma akwai wata mutuwar da masana ke kira pairoptosis, wadda ake ganin tana da hannu a cutar Still. A nan wani sinadari, kaspes-1, yake yanka wani mai suna gasdamin D, shi kuma ya hudde bangon ƙwayar garkuwa har ta kumbura ta fashe. Abin da ke tsiyayowa daga ciki, wato sinadaran IL-1 da IL-18, shi ke tada zazzaɓin, ya kuma kirawo wasu ƙwayoyin su ma su shiga rigimar. Cutar ba gama-gari ba ce, don sai a 1971 likitan Ingila Eric Bywaters ya bayyana ta a manya, a kan mata 14, shi ya sa ban ga laifin dangi ba.

Anakinra tana toshe gurbin da IL-1 ke kamawa. Matsalarta, kullum ake yin ta a ƙarƙashin fata, kuma sai an ajiye ta a firiji. Akwai wata allurar kuma, canakinumab, ita sau ɗaya ce a mako huɗu, Amurka ta amince da ita kan wannan cuta a 2020, sai dai ta fi tsada nesa ba kusa ba. In aljihu bai kai ba, ki faɗa wa likita ƙarara, akwai maganin methotrexate mai sauƙin kuɗi, ko da yake ya fi amfani ga gaɓoɓi.

A yi gwajin tarin fuka kafin a fara allurar. Kada ya daina prednisolone farat ɗaya. In zazzaɓin ya daina sauka, ko ya fara ruɗewa ko zubar jini, ku tafi asibiti a ranar.