Amsa ga ƙanena na Birnin Kebbi kan buɗin darar ces da zai riƙe

Ƙanena, saƙonka ya iso ni, kuma shi ne na uku a wannan wata daga yaran gida masu shirin zuwa Indiya karatu. Ka ce ka samu gurbin karatun harhaɗa magunguna a nan Cennai, shekara biyu ke nan kana buga darar ces a waya, kuma kana so in zaɓa maka buɗi, wato tsarin tafiyar farkon wasa, tsakanin reshen Najdof na kariyar Sisiliya da tsarin Landan. Zan amsa maka, amma ko ɗaya cikin biyun ba zan ba ka ba.

Ka fara sanin inda za ka. A wannan garin ne Viswanathan Anand ya tashi, wanda ya fara samun babban muƙamin ces na gwanin gwanaye a Indiya tun 1988, kuma daga nan Gukesh ya fito ya doke Ding Liren a Singafo cikin Disamban 2024, ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 18. Yaran da za ka zauna gabansu a gasa suna da malamai tun suna shekara biyar.

Da Najdof na iso garin nan, na haddace tafiya goma sha biyar saboda na ji cewa ita Fischer da Kasparov suka riƙe. A gasata ta farko aka haɗa ni da yaro ɗan shekara tara, a tafiya ta shida ya tura sojansa zuwa gidan h3 (kowane gida a allon ces da harafi da lamba ake kiransa) maimakon abin da na haddace, nan take na rasa abin yi, domin ban taɓa tambayar kaina dalilin tafiyar a6 da nake bugawa ba. Kafin tafiya ta ashirin da biyar ya gama da ni. Rashin nasarar bai ƙona mini rai ba kamar maganar wani malami da ke tsaye a bayana, wanda ya ce da Turanci, yana sane da ina ji, wai 'yan Afirka kyautar maki suke zuwa rabawa. Har yau ban manta muryarsa ba. Shekara uku na yi ina gyara kaina kafin makina na auna ƙarfin ɗan wasa ya wuce 1700, kuma ba da Najdof na kai can ba. A tafiya ta shida kaɗai fari yana da hanyoyi fiye da shida, kowace da littafinta, kai kuwa ɗalibi ne mai laccoci da ɗakin gwaje-gwaje, ba ka da wannan lokacin.

Tsarin Landan kuma sauƙinsa ne illarsa. Kana jera 'ya'yanka iri ɗaya kullum ba tare da ka dubi abin da abokin karawarka ke yi ba, har ranar da zai tura c5 ya kawo sarauniya b6 ta kai wa sojanka na b2 hari. Ka tuna dattawan da muke kallo suna dara a ƙasa idan mun je Zuru: kowa yana dasa 'ya'yansa goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, idonsa na kan hannun ɗan'uwansa, domin tun wajen dashe ake cin wasa ko a faɗi. Wanda ya dasa ido rufe ya riga ya bayar da wasansa.

Ga abin da nake so ka riƙe. Idan kana da fari, ka buɗe da e4, in an amsa da e5 ka bi buɗin Italiya: doki zuwa f3, giwa zuwa c4, sannan c3 da d3, ka ɓoye sarkinka da wuri. Giwa nake nufi mai tafiya a karkace, kamar yadda Larabawa ke kiranta, domin a nan Indiya na kusurwa suke kira giwa. Idan kana da baƙi aka buɗe maka da e4, ka amsa da Karo-Kan, wato c6 sannan d5, saboda tana barin giwarka ta fita kafin ka rufe da e6, kuma kuskure ɗaya ba ya rusa maka gida. Ga d4 kuwa, d5 da e6 sun ishe ka. Kada ka wuce tafiya takwas a hadda, kuma kowace ka iya faɗin dalilinta da bakinka. Sauran lokacinka ka ba ƙarshen wasa, musamman sarki da sojoji, domin a can yaran nan ke gaggawa, a can kuma na ci yawancin wasannina.

Wasan minti uku na waya ba zai shirya ka ga zaman minti 90 ba, don haka ka nemi allo na gaske ka fara rubuta tafiyarka. Ka nemi lambar FIDE, hukumar ces ta duniya, ta hannun hukumar ces ta Najeriya tun kana gida, kuma in ka sauka ka yi rajistar baƙi cikin kwana 14 kafin ka nemi kowane zauren gasa. A zangon farko ban yarda ka shiga gasa fiye da ɗaya ba, domin karatu Baba ya sayar da shanu ya turo ka.

Ka turo mini wasanni goma na ƙarshe da aka ci ka, ba waɗanda ka ci ba, in duba su kafin ka taso. Ka gaida Inna da kyau.