Mu 34 ne za mu sauka Jidda: bas ɗaya ko tasi-tasi?

Tambayoyin da suka shigo a makon nan kusan duk a kan tafiyar Umara ne, kuma uku daga ciki sun tsaya a wuri guda: yadda ayari zai tashi daga filin jirgi ya isa masauki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni aka ɗora wa jagorancin 'yan'uwa da maƙwabta, mu 34, za mu tashi daga Kano zuwa Umara. A cikinmu akwai iyaye mata shida da suka manyanta. Ejan ɗinmu ya ce mu ƙara kuɗi ya kama mana babbar bas daga filin jirgin Jidda zuwa otal ɗinmu a unguwar Misfala da ke Makka. Wasu a cikinmu suna cewa ɓarnar kuɗi ce, tunda tasi ta cika filin jirgi. Me za mu yi? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba ka ikon sauke wannan amana. Ku kama bas ɗin. Amma kafin ka tara ko sisi daga hannun jama'a, ka sa ejan ya nuna maka a rubuce abin da kuɗin da kuka riga kuka biya ya ƙunsa, domin sau da yawa kuɗin mota daga filin jirgi yana cikin kuɗin biza da masauki tun farko. Kada ku biya abu ɗaya sau biyu.

Masu cewa a hau tasi kawunan mutane suke ƙirgawa, sun manta da kaya. In kowa ya zo da manyan jakunkuna biyu, kuna da 68, ban da na hannu, ban da ƙullin garin tuwo da kuka da yaji da iyayenmu ba sa tafiya sai da su. But ɗin ƙaramar mota manyan akwatuna biyu ko uku yake ɗauka ya cika. Ka ga kenan ba motoci tara za ku nema ba kamar yadda lissafin mutum huɗu-huɗu yake nunawa, sai kun haura ashirin. Kowace da cinikinta, kowace da direbanta, kuma tsakanin filin jirgin Sarki Abdul'aziz da Makka akwai tafiyar kusan kilomita 100, wajen awa ɗaya da rabi in hanya ta yi kyau.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Na taɓa tafiya da wani ayari da muka rarrabu haka. Mota ɗaya ta kai wata dattijuwa da jikarta wani otal mai suna kusan irin na namu, a wata unguwa daban. Layin wayarsu na gida bai aiki, ba su sayi na can ba, Larabci kuma babu. Sai bayan Asuba aka gano su, Hajiya tana zaune a kan jakarta a bakin ƙofar otal ɗin, carbi a hannu, ƙafafunta sun kumbura saboda zaman jirgi. Ba ta yi wa kowa faɗa ba, kuma wannan shirun nata ya fi faɗa ciwo. A Makka otal-otal da yawa suna raba suna ɗaya, bambancin sai a lamba ko unguwa, kuma direban da ya ji rabin suna zai kai mutum inda shi ya sani.

Ku tuna kuma yawancinku za ku sauko da harami a jiki, tunda an ɗaura niyya tun cikin jirgi. Namiji sanye da ƙyalle biyu da silifa, ga gajiya, ga yunwa, bai kamata a tsayar da shi cinikin mota da jayayya ba. Masu tare mutane a bakin ƙofar fita suna cewa "Makka, Makka" da yawansu ba su da izinin ɗaukar fasinja, hukuma tana kama su ta ci su tara. In aka tsayar da irin wannan mota, ku ne za ku sauka da kayanku a titi.

Babbar bas tana da kujeru tsakanin 45 zuwa 50, kuma cikinta na ƙasa zai haɗiye kayanku. Kada a ruɗe ku da Coaster biyu don an ce sun fi araha: Coaster kujeru gare ta, ba ta da wurin kaya na kirki, sai a cika kujerun baya da akwatuna. In dole sai ita, to a haɗa muku da motar kaya daban.

Ga abin da za ka karɓa a rubuce kafin ku bar Kano: sunan kamfanin motar, lambar direba ko wakilinsu a filin jirgi, da awa nawa za su jira in jirgi ya yi latti, da abin da za a caje ku in lokacin ya wuce. Wannan na ƙarshen shi ne inda rigima take tashi, domin ayari irin naku ba ya fitowa daga wurin duba fasfo da ɗaukar kaya cikin minti talatin. Ka kuma duba tikitinku ka tura musu lambar jirgi da ɓangaren da za ku sauka. Filin jirgin Jidda ba gini ɗaya ba ne: akwai sabon ɓangare na ɗaya, akwai na arewa, akwai na alhazai mai rumfunan nan farare, kuma tsakaninsu tafiyar mota ce. Sannan ka buga wa kowa ƙaramin kati mai sunan otal da unguwa da Larabci, da lambar da za a kira, a rataya wa tsofaffi a wuya. A ɗaura wa duk jakunkuna ƙyalle kala ɗaya. Ka ƙirga mutane da kaya kafin bas ta tashi, da bakinka, ba da "ina jin kowa ya shigo" ba.

Tambaya: Mu goma sha ɗaya ne, abokan kasuwa, za mu zo daga Maraɗi. An ce mana jirgin ƙasa ya fi sauri. Gaskiya ne? (Wani ɗan kasuwa)

Amsa: Gaskiya ne, Alhaji. Jirgin ƙasan Haramaini, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2018, yana haɗa Makka da Madina a kan layi mai tsawon kilomita 450, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, kuma yana da tasha a manne da ɓangare na ɗaya na filin jirgin Jidda. Daga nan zuwa Makka ba ya kai awa ɗaya. Ina son jirgin nan ƙwarai, ga tsabta ga natsuwa.

Sai dai ku auna abu uku. Kowane fasinja babbar jaka ɗaya aka yarje masa, wadda ba ta wuce kilo 25 ba, da ƙarama ta hannu. Tikiti kuma na takamaiman lokaci ne da kujera, in jirgin sama ya makara ko layi ya yi tsawo, naku ya wuce. Sannan tashar Makka a unguwar Rusaifa take, 'yan kilomitoci daga Harami, dole ku sake neman mota. In dukkanku masu jini a jika ne, kowa da jaka ɗaya, kuma a ɓangare na ɗaya za ku sauka, ku hau, ku bar tazarar awa uku aƙalla tsakanin saukarku da tikitin. In ko da kaya za ku zo irin na 'yan kasuwa, ku kama Hiace biyu, ɗaya ba za ta ɗauke ku da kayanku ba. Ku ajiye sha'awar jirgin ƙasan sai ranar tafiya Madina.

Tambaya: Mahaifiyarmu a keken guragu take, kuma a goman ƙarshe na azumi za mu je, mu takwas. Otal ɗinmu yana dab da Harami. Mota za ta kai mu har ƙofa? (Wata 'yar'uwa daga Kumasi)

Amsa: Hajiya, Allah Ya ƙara wa Mama lafiya, Ya saka muku da alheri. Kada ki dogara da hakan. A azumi jami'an tsaro suna rufe titunan da ke kewaye da Harami, irin su Ibrahim Khalil da Ajyad, gab da lokutan salla, kuma daga Magariba har a idar da tarawihi da tahajjud da wuya mota ta kutsa. Kusancin otal ɗin da kuka biya da tsada shi ne zai sa a sauke ku nesa da shi.

Ki kira otal ɗin tun yanzu ki tambaye su a wane lokaci motoci suke iya isowa ƙofarsu, kuma ta wace hanya, domin wasu manyan otal-otal ta ƙarƙashin ƙasa ake shigarsu. In akwai zaɓi a tikiti, ku ɗauki jirgin da zai sa ku shiga Makka da hantsi. Ki tambayi kuma lokacin ba da ɗaki, da yawa ba sa bayarwa sai wajen La'asar, gara ku biya daren da ya gabata a kan Mama ta wuni a zaune a falon otal da azumi a baki. Ki sanar da kamfanin jirgi batun keken tun lokacin yankan tikiti. Wajen mota kuwa, ku kama Hiace ɗaya don samari da kaya, ita kuma a sama mata ƙaramar mota mai ƙasa-ƙasa wadda ba sai an ɗaga ta sama ba, ke ki zauna kusa da ita, keken a naɗe a bayan wannan motar, ba a wadda ta ɗauki kaya ba.